Na'urar da Ta Tsayar da Ruwa

"Ku fitar mini da ita daga ɗakin nan," in ji babban likita, yana nuna na'urar ƙarin ruwa.

Ita ce ke bin bugun jinin majinyaci, ta ƙara masa ruwa ko ta rage da kanta. Yau an sa ta wa wani direba da ya zubar da jini a haɗarin mota. Ruwa ya cika masa huhu, ya rasu.

Likita ya dubi wata tsohuwar nas da ke tsaye a gefe. "Sista, ki yafe mana. Tun farko kika ce ƙarfe ba ya jinya, muka yi miki dariya."

Matar mamacin ta kama hannunta tana kuka. "Mama, ke kaɗai kika tausaya masa."

Sista ta sunkuyar da kai. Ita kaɗai ta san cewa sau biyu na'urar ta tsayar da ruwan, alamar ya isa. Sau biyu ita kuma ta zare robar daga na'urar, ta matse ledar ruwan da hannu, yadda ta saba shekara talatin.

"Daga gobe ke za ki koya wa sababbin ma'aikata sa ruwa," in ji likita.

Ta daɗe tana kallonsa.

"To, likita."