Ƙasa a Kan Zanen Gado

Mai gyaran rediyo yana cikin haɗa wata waya ya tsinci rabin wani shiri: wai masu bincike na zargin ƙwayar cutar kuturta tana iya zama a cikin ƙasa. Kafin mai bayanin ya kai ƙarshe, rediyon ya ɗauke.

Washegari ya sa aka shafe tsakar gidansa da siminti. Tukwanen furannin matarsa ya kai su bola. Duk baƙon da ya zo sai ya tuɓe takalmi a ƙofar gida, ya wanke ƙafa a bokiti. Surukarsa ta wanke sau ɗaya, ba ta sake zuwa ba.

Amma ƙasa ta ƙi barin gidan. Yau ya ga ɓurɓushinta a kan zanen gado, gobe a bakin taga, jibi a jikin cokali. Ya zargi ɓera, ya ɗana tarko. Ya zargi maƙwabci, ya daina gaishe shi.

Sai matar ta fara canzawa. Barci da rana tsaka, abinci ba ya shiga, warin maganin da yake fesa wa ɗakuna yana tayar mata da zuciya. Ran da ya ga wani farin tabo a gefen bakinta, ya ce shi ke nan, kuturta ce. Shekara da shekaru su biyu ne rak a gidan, ita kaɗai gare shi. Ya taɓa jin cewa tabon kuturta ba ya jin zafi, don haka ya ɗauko allura ya tsikare ta. Ta ji. Shi ma ya ji mari.

Bai haƙura ba, ya kai ta asibiti yana share hawaye. Likita ta saurare shi har ya gama, ta ce batun ƙasa har yanzu bincike ake yi, kuma kuturta tana da magani. Ta sa yatsa ta shafi tabon, ya goge tas. Ta ce ya jira a waje.

Da aka kira shi, matar ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Likita, kada ki ɓoye min, zan iya ɗauka," in ji shi.

"To, ka je ka ba maƙwabcinka haƙuri," in ji likita. "Matarka ce ke ɗebo ƙasar tana ci a ɓoye. Na hana ta, na kuma rubuta mata maganin ƙarin jini. Kwaɗayin masu ciki ne, malam, ka fara neman gadon jariri."