Cikon Goma Sha Uku

Shekarata goma sha ɗaya ko sha biyu, ba zan yanke ba, ranar da Baba ya zo filin makarantarmu a unguwar Hayyus Sabi' bayan la'asar. Malaminmu na wasanni Baturen Ingila ne da ya ci abinci da wasan ƙwallon zari-ruga, irin na mutum goma sha uku, har gwiwarsa ta lalace. Kullum yakan ce ni ne magajinsa.

Baba Larabci ya karanta, ba ya jin Turanci, don haka ni na yi musu tafinta.

Baba ya ce, "Tambaye shi, za ka kai inda ya kai?"

Na tambaya. Malamin ya yi dariya, ya dafa kaina da hannu mai warin man zafi, ya ce, "Ina! Ba shi da jiki. Ciko nake yi da shi."

Baba ya dube ni. "Me ya ce?"

Na mayar masa da Hausa, ban rage komai ba. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ɗauko takalmanka."

Abin da ke ci mini rai har yau, malamin nan ya san ta bakina maganar za ta bi.