Wayar da Auta Ya Murɗa

Shekara biyu ke nan da Injiniya ya kwanta. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi, saura ido da hannun hagu. Matarsa, wadda maƙwabta ke kira Anti, ita ce ƙafarsa, ita ce bakinsa. Zanin gado uku take wankewa kullum, ga shi a hawa na uku suke, babu tsakar gida balle igiyar shanya. Likita kuwa ya ja mata kunne: muddin ya kwanta a kan danshi, bayansa zai yi gyambo. Shi ya sa injin busar da kaya da ke bakin kicin ya fi mata firij daraja.

Ana tsakiyar damina, ran nan injin ya yi ta juyi awa guda. Ta buɗe, zannuwa jiƙe sharkaf, ko ɗumi babu. Ta kira Auta, ƙanen mijinta. Injiniya ne ya raine shi, shi ya fara damƙa masa filaya, har shagon gyaran kayan lantarkin da yake taƙama da shi yau na yayansa ne.

Ya shigo yana duba agogo. "Matar Yaya, kin kashe injin da wanki, saura ni ko?"

"Kai dai duba, sarkin surutu. Zani ɗaya ya rage a ƙarƙashin yayanka."

Ya kwance murfin baya, ya dangwala abin awonsa. "Fiyus ne ya ƙone. Kin ci sa'a, akwai sabo a jakata."

Ƙofar ɗaki a buɗe take, daga gado ana hango injin. Sai Injiniya ya hau dukan ƙarfen gado, ƙwal, ƙwal, ƙwal, idonsa waje. Anti ta kawo ruwa, ya ture. Ta gyara matashi, bai daina ba.

Auta ya yi dariya. "Rabu da shi, kishi yake. Ya ga ɗalibi ya fi malami."

Ko minti goma bai yi ba ya mayar da murfi. Injin ya ɗauki zafi, har ya fi da. Kwana uku Anti tana sa masa albarka, tana faɗa wa matan bene cewa naka sai naka.

Rana ta huɗu da hantsi ta zuba zannuwa, ta kunna, ta sauka karɓo magani a tsallaken titi. Tana cikin layi ta ji ana ihun gobara. Ta ɗaga kai, tagarta ce ke aman hayaƙi.

Telan hawa na biyu ne ya ɓalle ƙofa ya goyo Injiniya. Wuta ba ta taɓa shi ba, amma hayaƙi ya riga ya cika ƙirjin da dama ba shi da ƙarfi. Kwanansa biyu a asibiti, rai ya yi halinsa.

Da ta koma kwashe abin da ya saura, wani dattijo cikin 'yan kwana-kwanan da suka dawo binciken musabbabin wutar ya kira ta gefe, ya nuna mata bayan injin.

"Baiwar Allah, wa ya gyara miki wannan?"

"Ƙanen maigidana. Sabon fiyus ya sa."

Ya girgiza kai. "Ga tsohon nan a wurinsa. Waya aka ɗaura aka tsallake shi. Fiyus mai gadi ne, in zafi ya wuce kima shi yake mutuwa don gida ya tsira. Kuma ba ya ƙonewa a banza. Dubi bututun fitar da iska, burbushin zare ya toshe shi kamar an cusa katifa. Da an share, an sayo sabo, aikin rabin yini ne."

Ta karɓi wayar. Murɗi uku, an lanƙwaso wutsiya baya. Haka Injiniya yake ɗaurin waya, haka ya koya wa mutum ɗaya tak. Nan take ƙarar ƙarfen gado ta dawo mata a kunne. Ashe ba ruwa yake nema ba.

A wurin zaman makoki Auta ya durƙusa gabanta, ido ja. "Matar Yaya, sai haƙuri. Ƙaddara ta riga fata."

Ta buɗe tafin hannunsa, ta ajiye masa wayar, ta naɗe yatsunsa a kai.

Jama'a, na daɗe a duniya, ban taɓa ganin fiyus ya ƙone babu dalili ba. In injinku ya daina zafi, a nemo abin da ya toshe, kuma ku ce a nuna muku tsohon da aka cire a hannu, ko da ɗan'uwanku ne mai gyaran. Kai kuma mai sana'a, rabin yinin da kake ƙyashi, wataƙila ran wani ne.