Muryar Malam a Kulle

Ranar da Inna Tabawa ta fita takaba, ta rungumi kwamfutar mijinta, Malam, zuwa shagon Sallau mai gyara. A cikinta aka adana muryar marigayin, mai gaishe ta kullum da safe. Yau kwana arba'in ke nan shiru.

Sallau ya kunna, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

"Inna, doka ce. Duk kwamfutar da ba a kawo an sabunta ba cikin wata uku, kullewa take."

"Ina takaba zan fito?"

"Na sani. Wannan faifan zai tayar da ita, amma zai goge komai."

"Har Malam?"

Sallau ya sunkuyar da kai.

Ta janye kwamfutar, ta naɗe ta da mayafinta.

"Bar shi a kulle. Ba zan binne shi sau biyu ba."