Fensir Mai Baki Biyu

Ina aji uku a firamare, a garinmu Kutama, na koyi fiƙe fensir ta kai da gindi, don in baki ɗaya ya karye in juya ɗayan.

Wata rana bayan azahar na ci ɗanwake na ƙoshi, na zauna a tabarma ina aikin makaranta, sai gyangyaɗi ya ɗebe ni. Kaina ya yi ƙasa, tsinin da ke sama ya shige mini ido, ya karye a ciki.

Inna ta bar daddawar da take dakawa, ta cafke hannuwana biyu kafin su kai fuska.

"Kar ki murza, Uwani. Yi kukanki, amma kar ki murza."

Ba ta sake ni ba har asibiti a Gwarzo. A cikin mota ba abin da nake ji sai warin daddawar hannunta. Likita ya ciro ɗan baƙin tsinin, ya ce da na murza, da idon ya tafi.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Har yau ko ƙwaro ya faɗa mini ido, sai in tarar hannuwana sun kwanta a cinya, suna jiran ta sake su.