Alawar Bikin Firdausi

Tun motar ba ta gama tsayawa ba Hajiya Basira ta toshe hanci da gefen mayafinta. Wai wannan ne izin ɗin, wato kamfanin alawar da aka dame ta da labarinsa tun daga Yamai! Wani dogon zaure ne mai rufin kwano a bakin kogin Gaya, hayaƙi na tashi ta bayansa, awaki biyu kwance a ƙofa. Ta dubi mijinta, Alhaji Sama'ila, ta ja tsakin da sai da direba ya waiwayo.

An gaya wa yara yawon buɗe ido aka fito, amma ita ta san yaƙi ta zo. Saura wata ɗaya bikin ƴarta Firdausi. Yaya Habiba, yayar Alhaji da ke zaune nan Gaya, ta rantse gudummawarta ita ce alawar biki, kuma ta Gaya, irin wadda aka raba a auren kowa a gidansu. Hajiya ta ce sai dai bayan ranta. Ta riga ta shaida wa ƙawayenta kaf cewa alawar Faransa za a raba, mai takarda ruwan zinari, wadda wani ɗan kasuwa ke kawo mata ta hanyar Kwatano. Shekara shida ke nan ba ta sa wata alawa a baki ba sai ita.

Da rigima ta yi tsami, Alhaji ya yanke hukunci. A ɗebi yara a je a ga inda ake yin ta Gaya. In Hajiya ta nuna a gaban kowa cewa tata ta fi, magana ta ƙare. In ta kasa, ta Yaya Habiba za a raba, ƙawaye su yi dariyarsu su gaji. Don haka ta cusa cikin hannu guda na alawarta a jaka kafin su fito.

A ciki zafi kamar gidan burodi. Manyan tukwane huɗu na tafasa a kan murhu, wani tsoho siriri mai suna Malam Alfari na juya su da muciyar da ta fi shi tsawo. Shekara talatin yana wannan aiki, in ji Yaya Habiba, har da wani fari da ido kamar ita ta haife shi. Ya ɗiga narkakken sukari a ƙwaryar ruwa, ya murza da yatsa, ya gyaɗa kai. Aka juye tukunya a kan teburin ƙarfe, mata suka hau ja suna yankawa da almakashi.

Yara sai ihu suke, Firdausi na ɗaukar hoto da waya. Hajiya kuwa ta tattare bakin leshinta sama, tana taka ƙasa kamar mai tsallake kwata. Yatsa a cikin abin da mutum zai sha! Ko safar hannu babu, ko injin kirki babu. Tir!

A ƙarshen layi wata mata mai suna Fadima ta zauna tana tsinta. Masu haske kalar zuma tana watsa su a daro, sauran masu duhu tana turawa cikin buhu kusa da ƙofar baya, wadda ke kallon inda kwalekwale ke tsayawa. Hajiya ko kallo na biyu ba ta yi mata ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda ake ƙulle na daron a farar leda, ba rubutu, ba hoto, ba komai. A raba wannan a bikin ƴarta, a gaban matan manya? Allah ya kiyaye.

Aka kawo faranti kowa ya ɗauka. Alhaji ya lumshe ido, ya koma yaron da ke gudu ba takalmi a unguwarsu. Hajiya ta ɗauki guda da ƴan yatsu biyu, ta taɓa da harshe, ta tofar a hankici.

"Zaƙi zalla," ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ina duhun launin? Ina ɗan ɗacin nan da ke zama a maƙogwaro? Ƙauyanci dai ƙauyanci ne, ko an narka shi."

Almakasai suka tsaya cak. Yaya Habiba ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko, domin rabin matan nan maƙwabtanta ne. Wannan bai ishi Hajiya ba. Ta zuge jaka, ta zaro guda mai walƙiya, ta miƙa wa tsohon daga nesa.

"Ungo, Baba. Sha ka ji yadda Turawa ke alawa, ko ka koyi wani abu kafin ƙarfinka ya ƙare."

Malam Alfari ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu. Ya warware takardar a hankali, ya ɗaga alawar wajen hasken taga, ya juya ta, ya shinshina, sannan ya fasa ta da haƙori. Nan take fuskarsa ta canza.

"Wallahi na ji kunya, Hajiya," ya ce.

Hajiya ta waiga ta harari Yaya Habiba, ta gyara zaman mayafi a kafaɗa, ta soma laluben direba da ido.

"Ƙonanniyar alawar tukunyata ce wannan," tsohon ya ci gaba, yana share baki. "Mutanen Gaya ba sa shan ta ko kyauta, shi ya sa muke zuba wa ƴan Malanville na tsallaken kogi, kan hanyar Kwatano, a buhu, su naɗe ta a takardar Turawa su kai wa ƴan Yamai."