A Cire Matar Jarumin

"A sake labarin daga farko," in ji tela, "amma a cire matar jarumin. Ita ke hana shi tashi sama!"

Abokansa, masoya mujallar zanen, suka kwashe da dariya. Matarsa tana bayan labule tana guga.

Kamfanin ya biya wa masoya bukata. Sabuwar fitowar ta iso bayan rasuwar matar tela.

"Maigida, ga abin da ka roƙa," in ji mai sayar da mujallu.

A shafin ƙarshe, jarumin ya ceci duniya, ya sauka ƙofar gidansa, ya tsaya. Idon tela ya kai kan rigarsa: ba aljihun makulli. Dā ita ke buɗe masa.